Kyallu da Igiyar Dutsen Gaggafa

Tun zamanin da ake tafiya Makka da ƙafa, mutum ya bar gida da baƙin gashi ya isa da furfura, aka yi wata mace maharbiya mai suna Kyallu. Ita ce kakar kakata ta wajen uwa, ita ce kuma mafarin zamanmu a gindin wannan dutse na ƙasar Habasha. Ni ban yi karatun takarda ba. Abin da zan faɗa daga bakin kakata na ji shi, ita kuma daga bakin matar da ta yi wa Kyallu wankan gawa. Ba ƙari, ba ragi.

Kyallu 'yar duwatsun Rano ce. Ubanta maharbi ne, bai haifi namiji ba, sai ya miƙa mata baka tun tana ƙarama. Uwarta kuwa 'yar gidan majema ce. Saboda haka ta tashi da sani biyu da ba kasafai suke haɗuwa a hannu ɗaya ba: ta iya kayar da dabba, ta iya gyara fatarta. Ga kirarin da ake mata: Kyallu ta Rano, mai kwari a baya, mai wuƙar jima a ƙugu, doguwar da ba ta tambayar daji hanya.

Ta biyo ayarin mahajjata tare da mijinta Mantau. Shekara huɗu suna tafe, suna tsayawa suna noma suna ci gaba. Bayan sun wuce garin Matamma zazzaɓin kwari ya shiga ayarin, ya ɗauke Mantau da wasu da yawa. Masu ƙarfi suka wuce. Aka bar gida bakwai, tsofaffi da masu ciki da waɗanda ciwo ya kayar. Kyallu ce ta kora su gaba kamar garke, ta hau da su tudu inda sauro ba ya kaiwa, har suka iske wani marmaro a gindin dutse suka sauke kaya.

Ku da aka haifa a Gadarif da Kano ba ku san dutsen nan ba sai a hoto. Tsaye yake kamar an yanke shi da wuƙa ta kowane gefe, samansa shimfiɗe kamar faifai. Mutanen ƙasar suna ce masa Dabra Nisir, wato Dutsen Gaggafa. A kansa akwai gidan ibada na Kiristocin Habasha, masu tsohuwar ɗariƙar nan ta Orthodoks. Maza ne zalla a ciki, ruhbanawa, ba aure, ba haihuwa, ba gado. Sun ce wanda ya kafa gidan wani tsoho ne da ya gaji da hayaniyar sarakuna. Gaggafa ta riƙa sauka a jikin dutsen tana nuna masa inda zai sa ƙafa, yana takawa matakin yana shafewa a bayansa. Tun a lokacin Kyallu suna cewa gidan ya haura shekara ɗari takwas.

Ban taɓa hawa ba, ba kuwa macen da ta taɓa. Dokarsu ce, mace ba ta taka saman dutsen, ko akuya ce, ko kaza. Amma mazanmu da suka hau gyaran rufi sun ba mu labari. Majami'ar ta dutse da itace ce, ba ƙusa ko ɗaya a jikinta, kawunan azara sun leƙo ta bango a jere. Ciki hotunan waliyyansu ne masu manyan idanu. Akwai rijiyoyin da aka sassaƙa a cikin dutse don tarar ruwan sama. Akwai littattafai na fatar bunsuru, wani sai mutum biyu sun kama, rubutun baƙi da ja cikin Gi'iz, harshen da ba a ciniki da shi, addu'a kawai ake yi. Ƙararrawarsu ma dutse ce, an rataye ta, ana bugunta da ɗan dutse, har gonakinmu ake ji. Mayaƙa sun ƙone gidajen ibada da yawa a ƙasar nan, wannan bai taɓa ƙonewa ba, don hanyarsa ɗaya ce tak: igiyar fata mai tsawon gaba ashirin, daga wata 'yar ƙofa a bakin dutsen zuwa ƙasa. Sarki ne kai ko bawa, da ita za ka hau.

To, a kan igiyar nan suna da wata magana da suka gada. Wai igiya ta san mai zunubi. Bayan 'yan shekaru takan tsinke da mutum, kuma kullum a cikin babban azuminsu. Wanda ta tsinke da shi sai a ce ya ɓoye wani laifi ne, a binne shi a gindin dutse, ba addu'a, ba suna, ba a ƙara ambatonsa. Sa'ad da Kyallu ta zo, tudun kabari goma sha ɗaya ne a jere bayan marmaron.

Azumin nasu kwana hamsin da biyar ne, yana ƙarewa da idin da suke kira Fasika. Ba nama, ba nono, ba ƙwai, ba man shanu. Na kan wannan dutse sun fi kowa tsanani, don su ko taɓawa ba sa yi. Ranar jajibirin azumi suke sauko da duk tukunyar mai da ke sama. Kuma azumin yana faɗowa ne a tsakiyar rani, lokacin da leɓen mutum ma ke tsagewa.

A ranin shekara ta biyu, Kyallu ta je ɗibar ruwa, ta bi ta gindin igiyar. Mai sana'a ba ya wuce fata bai duba ba. Ta miƙa hannu sama iya tsawonta ta kama, ta lanƙwasa, ta ji ta yi 'yar ƙara. Ta sunsuna. A daidai nan Abba Sinoda, mai tsaron ƙofar dutsen, yana zaune yana ɗaure buhun hatsi a kwando. Ta riga ta iya harshensu gwargwado.

“Abba,” in ji ta, “igiyarku ƙishirwa take ji.”

“Ke baƙuwa, cire hannunki.”

“Na cire. Yaushe rabonta da mai?”

“Azumi muke yi.”

“Ku ke azumi. Ita wa ya ɗora mata?”

Ya tashi ya kama igiya ya hau. Amma matan ƙauyen da ke bakin marmaro sun ga hannun mace a jikin igiyar, mace kuma Musulma.

Bayan kwana tara, Abba Matewos, mai ɗinkin littattafansu, ya fito zai sauko duba fatun da aka shanya masa. Ɗan tsoho ne ƙarami, bai fi nauyin tunkiya ba. Bai yi gaba biyu ba igiyar ta tsinke daga can bakin dutse. Ya faɗo. Kafin la'asar an yi tudu na goma sha biyu.

Washegari Fitawrari Ashagre ya iso da dakarunsa. Shi ne sarkin yaƙin yankin, mai hukunci a ƙasa kamar yadda shugaban ruhbanawa, Abba Kifle, yake mai hukunci a sama. Matan suka ba da shaida. Wannan karon, in ji mutane, ba zunubin tsohon kaɗai ba ne, baƙuwa ce ta ƙazantar da igiya. Aka kawo Kyallu gabansa.

“Wane hannu ne ya taɓa?”

Ta ɗaga na dama. “Wannan. Da shi nake ci, da shi nake harbi.”

“Washegarin Fasika za a sare shi. A azumi ba ma zub da jini, ki gode wa azumin. Bayan nan ku tattara ku koma kwari.”

“In ba ni na kashe shi ba fa?”

“Sai Abba Kifle ya tsaya nan gabana, ƙafarsa a ƙasa, ya faɗa da bakinsa.” Ya ɗaga kai ya dubi bakin dutsen, ya yi dariya. “Ki kira masa gaggafa.”

Ya san abin da ya sa ya yi dariya. Ruhbanawa sun maƙale a sama, ba su da komai sai siririyar igiyar rama da suke jawo kwando. Sabuwar igiya kuwa a wurinsu da fatar bijimin Fasika ake yin ta, kuma babu Kiristan da zai yanka dabba kafin ranar. Kafin fatar ta jemu, an daɗe da binne hannun Kyallu.

Ƙanin mijinta, Barmo, ya same ta tana wasa kibau.

“Matar yaya, mu tashi tun da sauran kwana.”

“Zuwa ina? Kwari ne ya ci yayanka. Kai za ka goya tsohuwar nan Iya Tabawa ka kai ta can?”

“To ki gudu ke kaɗai.”

“In na gudu na amsa laifi, su huce a kanku.”

Barmo ya ce, “Ni da nake shirin gadonki. Mace mai hannu ɗaya yaya za ta tuƙa mini tuwo?”

“Ko hannu goma gare ni ba ka ci tuwona ba, Barmo. Tashi ka ɗaura wa jakai sirdi.”

Kafin su tafi ta yi abu ɗaya. Tsohuwar igiyar tana yashe, ba mai son kusantarta. Kyallu ta yanki guntu biyu. Ɗaya daga ƙasa, inda masu ziyara ke kamawa su sumbata. Mutanen ƙasar nan suna shafa man shanu a gashi, hannunsu kullum da maiƙo, don haka wurin yana da laushi kamar kunnen maraƙi. Ɗayan daga sama, inda rana ke duka dutse na gurza, ba hannun da ke kaiwa sai na masu azumi. Ta zuba su a kwando, ta ɗaga murya: “A kai wa Abba Kifle. Ya lanƙwasa kowanne sau uku.” Kwandon ya hau. Can ya sauko. Guntun ƙasa lafiya lau, na sama ya rabu biyu. Ba saƙo ko kalma ɗaya.

“Ya gane,” in ji Kyallu. “Ganewar ce ta rufe masa baki.”

Ta sauka kwari, inda zazzaɓi yake, da Barmo da jakai huɗu. Ɓauna take nema, kuma namiji, don ta san ba za su bar fatar macen dabba ta haye dutsensu ba. Biyu ta kayar a mako guda. Na ukun wani tsohon toro ne mai ƙaho ɗaya, wanda maharban ƙasar suka ce ƙarfe ba ya shigarsa. Kwana huɗu tana bin sawunsa. Aka ce da suka yi ido huɗu a bakin kogi sai ta sauke bakanta ta ce masa, “Ba namanka nake so ba, bayanka nake so. Za ka ɗauki tsofaffin da ba su taɓa ɗaga maka makami ba.” Wai sai ya durƙusa ya juyo mata haƙarƙari. Haka aka faɗa mini. Abin da na tabbata shi ne fatarsa ta kai kaurin yatsa.

Sauran aiki ne, kuma ku saurara, don aikin shi ne gadonku. Ta jiƙa fatun a ruwan toka har gashi ya saki, ta kankare. Ta tsoma su a bagaruwa, ba har su jemu sarai ba, don fatar igiya ba ta son laushin fatar takalmi. Ta shimfiɗa kowacce ta fara yanka daga baki, tana zagayawa tana zagayawa har tsakiya, fata guda ta zama tsiri guda ba gaɓa. Ta rataye tsirin a reshen tsamiya da dutse a ƙasa, mata suna murzawa suna saki, suna murzawa suna saki. Sannan kitse da man shanu, safe da yamma, da tafin hannu, har fatar ta daina sha. Daga nan ta kitsa ukun. Ranar da ta gama, saura kwana biyar Fasika, makon da azuminsu ya fi tsanani.

Ta ɗaura bakin igiyar a jikin igiyar kwando, ta yi kira a ja. Ba a ja ba. Igiyar mace, Musulma, tana naso da kitse, a irin wannan mako. Ta zauna a gindin dutse. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Dakarun Fitawrari suna zuwa suna nuna mata gatari suna tambayarta ko ya yi mata kaifi. Ta ce musu wasawar ba ta yi ba, su kawo ta gyara musu.

Ranar Asabar da hantsi igiyar rama ta motsa. Abba Sinoda ne ya ja, shi kaɗai, ba da izinin kowa ba, ya ɗaure sabuwar igiyar a gungumen ƙofa. Amma Abba Kifle ya ba da umarni kada wanda ya taɓa ta. Igiyar ta yi ta reto, ba mai sauka.

Kyallu ta tashi, ta ɗaure zanenta a ƙugu irin na maharba, ta tofa yawu a tafin hannu, ta kama. Mutane suka ɗauki ihu. Dakaru kowa ya ɗaga mashinsa. Fitawrari ya ce a bari, igiyar ma za ta yi musu aikin. Ta hau gaba biyar, ta hau goma, ta hau goma sha tara. Saura kamu ɗaya ta kai ƙofa sai ta tsaya. Ta naɗe igiyar a cinya, ta naɗe ta a hannun dama, ta rataye a nan.

Abba Kifle ya leƙo. Tsoho ne da ya haura saba'in, azumi ya shanye shi, sai gemu da idanu.

“Koma ƙasa, 'yata. Mace ba ta hawa nan.”

“Ban hau ba, Abba. Ga ƙofarku can, ga ni nan. Dokarku ba zan taka ta ba.”

“Igiyar nan warin kitse take yi.”

“Ba cewa na yi ka lasa ba.”

Wani a bayansa ya yi dariya, ya mai da ita tari.

Ta ce, “Kun ce igiya ta san mai zunubi. To ga ni, mace, ba addininku nake yi ba, kuma an ce ni na kashe mutum. Ta ɗauke ni gaba goma sha tara. Ko dai ni mai tsarki ce, ko kuwa igiya fata ce ba ta san komai ba. Zaɓi wanda ya fi maka sauƙi, ka sauko ka faɗa wa mutumin can.”

Abba Kifle ya koma ciki. Ta ji sun shiga addu'a, muryoyinsu na tashi suna sauka. Rana ta hau. Igiyar ta fara cin hannunta. Barmo yana ƙasa yana kiranta, ba ta ko dube shi ba. Da rana ta take tsaka tsohon ya dawo, ya zauna a bakin ƙofa.

“Har yanzu kina nan.”

“Ina zan je? In hannun ya gaji zan faɗo. Sai ka sa a tona na goma sha uku, ka ce igiya ce ta yar da ni, alhali ga ta nan ba ta tsinke ba.”

Ya yi magana a hankali, don kada na baya su ji. “Fatun da kika aiko na lanƙwasa su. Kin san abin da kike nema in faɗa? Mutum goma sha biyu ne a ƙasa can da muka hana addu'a. Na tara shi ya koya mini karatu, shi ya sa mini wannan hula. Shekara talatin ban ambaci sunansa ba. In ba zunubi ne ya kashe shi ba, to mu muka kashe shi, muka kuma ɓata masa suna.”

“Ludayin man shanu ɗaya ne ya kashe shi, Abba. Ban zo in ce kun yi da gangan ba. Amma na goma sha biyu ɗin, an faɗa muku.”

Abba Sinoda ya durƙusa a bayan shugabansa. “Gaskiya ne. Ta faɗa mini, saura kwana tara igiyar ta tsinke. Na ji kunyar in hau in ce mace ce ta koya mini aikina.”

Abba Kifle ya daɗe yana kallon tudun nan goma sha biyu daga sama. Sannan ya ce, “Littafinmu bai ce a shafa mai a azumi ba.”

“Ni ban iya karatu ba. Ya ce a bar ta ta bushe?”

“Bai ce ba.”

“To. Ka ji kunyar matattu in kana so, ba za su tashi ba. Ni bakin mutum talatin nake ciyarwa da hannun nan, kuma na daina jin yatsunsa.”

Ya miƙe, ya cusa gicciyensa a ƙirji, ya ɗaure rigarsa.

“Sauka ki ba ni hanya, baƙuwa. Igiyar ɗaya ce.”

Ta sauko da hannun hagu da cinyoyi. Shi kuma ya biyo baya, a hankali, tsoho da azumin kwana hamsin da huɗu a cikinsa, dubban idanu a kansa, ba mai tari. Ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya taka har gaban Fitawrari Ashagre, ya buɗe tafin hannunsa biyu, suna sheƙi da kitse, ya ɗaga kowa ya gani.

“Ga ni a gabanka, ƙafata a ƙasa. Matar nan ba ta kashe kowa ba. Ta gargaɗe mu, muka ƙi ji. Igiyarmu bushewa take yi.”

Fitawrari ya dube shi, ya dubi taron. Ba mai musu da shugaban Dabra Nisir a gaban jama'a. Ya ce, “Hannunta nata ne.” Ya hau alfadarinsa, bai tsaya cin Fasika a nan ba.

Abba Kifle bai koma sama nan da nan ba. Ya wuce bayan marmaro, ya tsaya kan tudu na tara, ya kira sunan malaminsa da ƙarfi. Sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Guda uku na farko sun yi nisa, ba mai tuna sunansu, sai da aka aika kwando sama aka duba a littafi. Ruhbanawa suka yi ta sauka a igiyar Kyallu har wurin ya cika, suka yi musu addu'ar da aka hana su. Namu suka koma gefe suka tsaya, ba wanda ya tafi sai da aka gama.

Da aka watse tsohon ya tambayi Kyallu abin da take so.

“Marmaron nan, mu da jikokinmu. Sannan igiya. Ku yi azuminku yadda kuka gada, ba wanda zai hau muku da tukunyar mai. Amma ranar jajibiri ku kwance ta ku sauko mana da ita gaba ɗaya, haka kuma a tsakiyar azumi. Mu za mu shafa. Shekara bakwai bakwai mu kitsa sabuwa.”

“In gidanki ya ƙare fa?”

“Ka damu da naka gidan, Abba. Mu muna haihuwa.”

Aka rubuta wannan a bayan wani babban littafinsu, yana nan har yau, mazanmu sun ga shafin. Hannun Kyallu ya tsira, amma yatsu biyu ba su ƙara miƙewa ba, ba ta kuma sake jan baka ba. Makka ma ba ta kai ba. Ta rayu shekara arba'in da wani abu bayan haka, tana jima, tana faɗa, tana aurar da 'ya'yan mutane. Kabarinta yana gabas da marmaro, jifa ɗaya daga tudun nan goma sha biyu, waɗanda yanzu kowanne da dutsensa da sunansa. Ba a ƙara na goma sha uku ba.

Garin da gida bakwai suka kafa shi ne Gindin Igiya, inda nake zaune. Addininsu daban, namu daban. Ba ma cin yankansu, ba sa cin namu, ba kuma wanda ya taɓa neman ya juya wani. Ranar Fasika suna sauko mana da zuma a kwando. Ranar layya fatun bunsurun da muka yanka su muke ba, su yi littafi. Aikin igiya kuwa na babbar macen gidan Kyallu ne, ba na namiji ba, ko shi ne liman.

Shekarun baya wasu suka zo da mota da takardu, wai masu kula da kayan tarihi. Suka kawo igiyar roba shuɗiya, suka ce ta fi ƙarfi, ba ta son mai, tamu kuma a naɗe ta a sa a gilashi a birni mutane su riƙa kallo. Na ce musu igiya ba abin kallo ba ce, abin riƙo ce. Na ce su rataye tasu rani biyu a bakin dutsen nan su dawo mu yi magana. Shugaban da ke sama yanzu ya karɓa ya yi godiya, don mutum ne mai kunya. Da ita suke jawo itacen girki.

Wannan jajibirin da ya wuce shi ne na talatin da takwas da aka sauko mini da igiyar fata. Gwiwa ta ƙi, sai da aka kawo mini kujera. Na bi ta kamu kamu, gaba ashirin, na sami tsaga biyu kusa da sama na cika su. Ku da ke birni kuna aiko mini da saƙo wai in taho in huta. Ba inda zan je. Mutum arba'in ne a saman can, nauyinsu yana hannuna. Maimakon saƙo ku aiko mini da jikata Hakama kafin damina ta koyi aikin igiya, ta zo da tsofaffin zannuwa, ta yanke farce.